Tsohuwa Mai Saƙa Da Goggonmu: Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Ingila

Zariya,
daren Lahadi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyi, ya kewar gida? Nan kowa lafiya, sai godiyar Allah. Inna ta ce in gaishe ka da kyau, ta kuma ce ka riƙa sa hula da safa, don ta ji an ce sanyin can har ɓargo yake shiga.

Saƙonka na makon jiya ya tsaya mini a rai. Ka ce ƙarfe huɗu na yamma duhu ya riga ya rufa, in ka dawo daga aiki ba ka da abokin hira sai waya, har idanunka sun fara ciwo. Shi ya sa ban amsa maka da layi biyu ba. Na ce bari in zauna in ba ka labarin abin da ya ɗebe mini kewa lokacin da ɗori ya kwantar da ni sati shida bayan faɗuwar da na yi a babur.

A satin farko kwanciya ta ishe ni, sai ƙanena ya je wajen masu shimfiɗa littattafan gwanjo a bakin titi ya kwaso mini guda biyar. Bangon wasu ya yage, takardun sun yi ja, suna warin ajiya. Uku daga ciki na Agatha Christie ne, Baturiyar Ingila mai rubuta labaran binciken kisan kai. Na ɗauka irin na James Hadley Chase ne da muke karɓa-karɓa a ɗakin kwanan makaranta, ga bindiga, ga mota, ga jakar kuɗi. Ashe ba haka ba ne. Waɗannan ba gudu ba tsalle. Za a tsinci gawa a wani gida a ƙauye, mutum bakwai ko takwas ne suka kwana a wajen, kowa da abin da yake ɓoyewa, sannan a yi ta shan shayi ana tambayoyi har gaskiya ta yi halinta. Ba a zuba maka jini a ido, ba ka rufe littafin gabanka yana faɗuwa. Ƙwaƙwalwarka ce kawai take aiki.

Wadda ta fi shiga raina ita ce Miss Marple, wata tsohuwa da ba ta taɓa aure ba, a ƙauyen da marubuciyar ta raɗa wa suna St Mary Mead. Littafin farko na Miss Marple ya fito a 1930, inda aka sami wani tsohon kanar an harbe shi a ɗakin karatun limamin cocin ƙauyen. Ba ta da kaki, ba ta da ofis. Tana zaune da zarenta tana saƙa, ko tana cirar ciyawa a lambu, 'yan sanda suna yi mata kallon tsohuwa mai yawan surutu. Amma da an kawo maganar wani baƙo sai ta ce ya tuna mata da yaron mahaucin garinsu, ko wata 'yar aiki da ta taɓa sani. Daga nan ta kama bakin zaren. Ita dai a wajenta hali zanen dutse ne, wanda ya san mutanen ƙauye ɗaya da kyau ya san mutanen duniya.

Wallahi ina karantawa Goggo nake gani, Allah ya jiƙanta. Ka tuna ranar sunan ɗan Yaya, da kuɗin gudunmawa suka ɓace daga ƙarƙashin katifa? Gida ya kaure, wasu na cewa a kira mai duba, wasu na cewa a caje kowa. Goggo tana bakin murhu tana kwasar tuwo, ko ɗagowa ba ta yi ba. Da dare ta kira yarinyar nan ita kaɗai ɗakinta, da safe aka ga kuɗin cikin kwanon sha, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Bayan shekaru na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce, “Yarinyar da kullum take neman ƙari, ranar ko loma ba ta iya haɗiyewa ba. Kuma ita ce ta fi kowa ɗaga murya wajen tsine wa ɓarawo.” Ka ji fa. Abin da Baturiya ta cika littafi da shi, Goggo ta gama shi tana riƙe da mara.

Sai dai akwai inda suka rabu, kuma na daɗe ina juya shi a zuciya. A littattafan nan, musamman na mai bincike Poirot, ɗan ƙasar Beljiyam mai gashin baki, ƙarshe tara kowa ake yi a falo ɗaya a tone asirin mai laifi a gaban jama'a. To, wannan kisan kai ne, dole hukunci ya hau. Amma a hanya ana fallasa har waɗanda ba su kashe kowa ba, mai bashi da mai tsohuwar soyayya duk a baje su a faifai. Wannan yana sosa mini rai. Goggo ta gano gaskiya kuma ta rufa asiri, har yarinyar ta yi aure ba wanda ya sani sai mu biyu da ta gaya wa daga baya. A nan na fi son tamu.

Abin da ya sa na ƙara ganin girman marubutan shi ne ba sa cutar mai karatu. Wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya rubuta dokoki goma na irin wannan labari a 1929. A ciki ya ce dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farko-farkon labari. Ba a yarda aljani ko wani abin gaibu ya warware matsala ba. Ba a yarda mai binciken ya zama shi ne ya yi kisan ba, kuma duk alamar da ya gani sai ya nuna maka ita. Wato kamar dara ce, ga 'ya'yanka ga nawa a fili, in an cinye ka kai ka yi sake. Na kan yanki takarda in rubuta sunayen waɗanda ake zargi, in saka ta a tsakiyar littafin, ina karatu ina soke suna ɗaya-ɗaya. Uwargida ma ta shiga. In yara sun yi barci nakan ba ta labarin babin da na karanta da Hausa, ita kuma ta yanke hukuncinta. Sau biyu ta riga ni ganowa, kuma duk ta hanyar Goggo: ba ta damu da ƙarfe nawa jirgin ƙasa ya tashi ba, tambayarta kullum ita ce wa zai ci gado, wa kuma aka taɓa wulaƙantawa.

Ka san aikina ɗakin magani ne, don haka wani abu ya ƙara ja na. Agatha Christie ta yi aikin haɗa magani a asibiti a garinsu Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a nan ta san guba ciki da bai. Littafinta na farko, na 1920, da gubar sitiriknin aka kashe matar gidan, kuma yadda abin ya faru ya rataya ne a kan yadda magani yake kwantawa a gindin kwalba in ba a girgiza ba. Da na zo wajen sai da na ajiye littafin na yi shiru. Sau nawa a rana nake ce wa masu karɓar magani su girgiza kafin su sha! Shi ma Conan Doyle, marubucin labaran mai bincike Sherlock Holmes, likita ne, kuma daga malaminsa Joseph Bell na Edinbara ya ɗauko dabarar kallon takalmin mutum da hannunsa a faɗi sana'arsa. Na karanta gajerun labaransa, akwai basira, amma Holmes ya fi ƙarfina. Shi sai dai ka yi ta mamakinsa, ita kuwa tsohuwar kana jin za ka iya zama kusa da ita ku yi hira.

Yanzu ga abin da nake so. Ka taɓa ce mini akwai shagunan sadaka a unguwarku da ake sayar da tsofaffin littattafai fam ɗaya ko biyu. Ka shiga ka nemi littafin Agatha Christie mai suna The Murder of Roger Ackroyd, na 1926. Tun fitowarsa ake gardama a kansa, wasu suka ce marubuciyar ta yi wa masu karatu maguɗi. Ni na karanta, na koma farko na bi shi layi-layi, ban kama ta da ƙarya ko ɗaya ba. Duk abin tana faɗa, ni ne ban ji ba. Ina so in ji naka hukuncin. Don Allah kada ka leƙa intanet, kada kuma ka buɗe shafin ƙarshe. Ka dafa shayinka mai citta, ka ja bargo, ka kashe wayar. In ka kai rabi ka aiko mini da sunan wanda kake zargi, zan rubuta a takarda in ajiye, ba zan ce maka e ko a'a ba sai ka gama.

In kuma ka ga wasu na Miss Marple ka haɗo mini ko guda biyu ne, ka ba duk wanda zai taho gida kafin azumi. Uwargida ta ce a gaya maka ita ma tana jira.

Ƙafa ta yi sauƙi sosai, na ajiye sanda, ranar Litinin zan koma aiki in Allah ya yarda. Yara suna gaishe da Baffansu. Ka gaida abokan zamanka. Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka amini har kullum.