Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Masu Raya Tsofaffin Motocin Haya Da Na Kaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, dattawan tasha, da sauran 'yan'uwa na Wudil, Gaya, Garko, Ajingi, da waɗanda ke taso mana tun daga Shuwarin. Ga bayanin abin da Allah Ya nufe mu da yi daga kakar bara zuwa ta bana. Maganar kuɗi, shiga da fita, Ma'aji zai karanta tasa ranar taro da rasiɗai a hannu. Ni tawa ta aiki ce.

Da rashi zan fara. A tsakiyar daminar nan Allah Ya karɓi ran Baba, babban bakanikenmu kuma uban wannan ƙungiya, bayan 'yar gajeriyar jinya. Duk wanda ya taɓa yini a gareji ya san zamansa: kan tsohuwar taya, ya kara dogon sukudireba a jikin inji, ƙotar a kunnensa, ya ce wa yaro "ɗan ba ta wuta", sannan ya faɗa maka wane bawul ne ke kuka. Ya shiga gareji tun ana tuƙi a hannun hagu, kafin canjin hannu na watan Afrilun 1972, kuma bai taɓa ƙyashin nuna wa kowa abin da ya sani ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa aljanna ce makomarsa. Iyalansa sun bar wa ƙungiya akwatin kayan aikinsa, yana nan a kulle a ofis.

Motar da ta cinye mana shekara ita ce Kombi. A wani ƙauye na ƙasar Garko aka ba mu labarinta, muka je muka same ta gindin tsamiya, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, an cika cikinta da harawar wake. Gara ta cinye katakon kujeru, ɓera ya gama da wayoyi, zanzaro kuma ya yi gini har cikin kafireto. Ta gado ce, don haka sai da muka yi ta zarya kafin magada su haɗa baki, aka yi ciniki gaban dagaci da shaidu. Tsohuwar gidan, matar marigayin, sharaɗi ɗaya ta kafa mana: kada a goge rubutun da ke bayan motar. Mun kankare ƙura muka karanta, "Sannu ba ta hana zuwa". Mun yi mata alkawari, kuma mun cika. Mai fenti ya zagaye rubutun da takarda ya bar shi yadda yake, da dusashewarsa da komai.

Ga sababbin membobi da ke ta tambaya: kamfanin Volkswagen ya fara ƙera wannan mota a Jamus a 1950. Ta farkon gilashin gabanta biyu ne. Tamu ƙira ta biyu ce, mai faffaɗan gilashi ɗaya, wadda ta fito a 1967. A Legas ma an haɗa su bayan kamfanin ya buɗe masana'antarsa a 1975, kuma da irinsu aka san danfo, motocin hayar garin, tun asali. Ƙasar Brazil ba ta daina ƙera Kombi ba sai ƙarshen 2013, shi ya sa har yau ake samun wasu kayanta sababbi, ko da yake ba kowanne ne ke shiga tamu ba. Sai an je da tsohon a hannu an gwada.

Kun tuna muhawarar da muka sha a zaman hunturu. Wasu daga cikinmu suka ce a cire injinta a sa mata na wata mota mai ruwa, a liƙa lagireto a gaba, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikinsu lokacin da suke haya. Hujjarsu ba ta banza ba ce: ya fi arha, kayansa na ko'ina, kowane bakanike ya iya shi. Aka kaɗa ƙuri'a, masu cewa a bar mata injinta suka rinjaya. Ni ina cikinsu, kuma har yanzu ban canza ra'ayi ba. Wanda ke neman motar nema ya sa mata duk injin da ya ga dama, ba laifi. Mu kuwa ba haya za mu yi da ita ba. Idan muka cire injin nan, yaron da zai zo kallo nan gaba ba zai taɓa jin wannan ƙarar ba, kuma ba wanda zai sake koyon gyaransa a yankin nan.

A nan ne Baba ya yi mana aikinsa na ƙarshe. Da aka buɗe bayan motar, abin da ya fara nema ba fistin ba ne, ba kuma ringi ba. Ya ce, "Ina gwangwanayen?" Wato faifan ƙarfen nan da ke rufe kewayen injin, da robar da ke toshe tsakaninsa da bodi. Duk babu, masu gyaran baya sun ɗauka ado ne sun zubar. Injin Kombi ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi, fanka ce ke hura ta, bel ɗaya ne kuma ke juya fankar tare da janareto. Idan babu faifan nan, iskar zafin da ta fita ta ƙasa ita ce za ta dawo ta sama, injin ya yi ta dafa kansa. Baba ya ce yawancin Kombin da aka ce zafin ƙasarmu ne ya kashe su, wannan sakacin ne ya kashe su. Sai da mai waldarmu ya je har cikin Kano ya sami wata a ajiye, ya ɗauki zanen faifan da kwali, ya dawo ya yanka a falanki ya lanƙwasa da hannu. Sati uku ya yi a kai bai karɓi ko kwabo ba.

Sauran darasin mun rubuta shi da fenti a bangon gareji don kada ya ɓace: ana saita bawul ne inji na sanyi, tazara milimita 0.15; jerin wuta 1-4-3-2; baƙin mai lita 2.5, kuma tunda ba ta da filtar mai sai 'yar rariya a ƙasa, a riƙa juye shi a kai a kai, musamman lokacin ƙurar hunturu. Idan jar fitila ta kama kana tafe, ka tsaya nan take ka duba bel.

Ranar da ta tashi, bayan la'asar ne, hadarin farko na haɗuwa a gabas. Batir ya yi sanyi, sai turawa aka yi. Ta yi tari sau biyu, ta yi aman hayaƙi, ta mutu. Baba ya sa aka ɗan juya dilko, aka sake turawa, sai ga ta ta kama, tana wannan faf-faf-faf ɗin da duk ɗan shekara hamsin ya sani. Bai ce komai ba, ya dafa bodin da tafin hannu ya daɗe a tsaye. Bai kai ga ganinta da fenti ba.

A-kori-kurar Peugeot 404 ba ta ba mu wahala kamar haka ba. Fijo 'yar gida ce tun da aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, kuma a Ƙofar Ruwa har yanzu akwai dattawan da za su tono maka kayanta daga ƙasan shago in ka yi haƙuri ka zauna. An sake mata ƙasan bodi inda gishirin taki ya cinye, an ɗaure sifirin na baya, an gyara giyarta ta jikin sitiyari wadda samarinmu da yawa ba su taɓa gani ba. An mayar mata da ƙarafan rumfa da tamfol. Tana tafiya lafiya. J5 ɗin da wani memba ya ba mu aro kuwa wanki da birki kawai ta nema. Wasu sun ce ba ta tsufa ba, tunda har gobe 'yan'uwanta na ɗaukar tumatir da albasa. Gaskiya ne, amma a 1981 aka fara ƙera ta, kuma yadda ake lodinsu ba na jin za su daɗe.

Yanzu sai abin da ya fi ci mini rai, kuma ina roƙon kowa ya karanta shi da kyau. Mun yi asarar wata tsohuwar Hayis, irin ta farko-farkon nan, wadda muka gani a wani gida kusa da Ajingi. Jikinta garau, gilasanta duka suna nan, har tambarin gaba. Mai ita ya yarda ya sayar mana, ya ba mu sati biyu. Muka tsaya jiran taron wata, muka tsaya jiran waɗanda ba su biya kuɗin wata ba. Ranar da muka koma da kuɗi, abin da muka tarar shi ne shatin tayoyi huɗu da ɓaraguzan gilashi a ƙasa. 'Yan gwangwan sun zo da gas sun yanka ta cikin yini ɗaya, sun auna a sikeli, sun biya lakadan. Ban ga laifinsu ba, sana'arsu ce. Ban ga laifin mai ita ba, yana da iyali kuma lokacin sayen taki ne. Laifin namu ne. Motar da ta yi shekara da shekaru tana jira, mu muka kasa cim mata cikin sati biyu.

Saboda haka kwamiti na kawo shawarar a buɗe asusun gaggawa, wanda Shugaba, Ma'aji da mutum ɗaya daga dattawa za su iya taɓawa ba tare da jiran taro ba, su kawo bayani daga baya. Mun kuma je mun zauna da shugabannin 'yan gwangwan na yankinmu, muka sha shayi tare. Sun yarda in sun ci karo da tsohuwar motar haya za su kira mu kafin su kunna gas, mu biya abin da sikeli zai ba su da ɗan ihsani a kai. Tuni kira ɗaya ya shigo, muka samo ƙofofi biyu da akwatin giya na Kombi. Ban da haka mun buɗe littafi, duk wanda ya ga tsohuwar mota a kango ko bayan gida ya kawo sunan ƙauyen da irin motar a rubuta.

Baje kolin da muka yi bayan girbin gero, a filin makarantar firamare, ya fi ƙarfin shirinmu. Mun zaɓi Juma'a don ta dace da kasuwar Wudil, kuma masu dawowa daga kasuwa suka yi ta tsayawa. Motoci uku kacal muka jera, amma har magariba mutane ba su watse ba. Wani tsohon ɗan kamasho ya tsaya a ƙofar Kombi ya ɗaga murya, "Kano, Kano, saura mutum ɗaya!", dattawa suka ɗauki dariya, wasu kuma na share ido. Wata baiwar Allah ta riƙo jikarta ta nuna mata kujerar baya, ta ce a irin wannan aka kai ta ɗakin miji. Tsohuwar da ta ba mu sharaɗi ita ma an kawo ta. Ta zagaya baya, ta shafa rubutun da hannu, ta sa mana albarka. Waɗannan mutane su ne masu motocin nan na gaskiya, kuma shi ya sa nake ganin a ci gaba da kai su ƙauye da bakin kasuwa maimakon a kulle su a gareji ana goge su.

Kurakurai sun faru. Ba mu kewaye filin da igiya ba, yara suka karya madubin a-kori-kura. Mun yi alkawarin zagaya da ɗalibai, mai ya ƙare kafin a kai ga 'yan aji shida; tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 duk wani motsi sai an yi masa lissafi, mu kuwa ba mu yi ba. Mun ba shugaban makarantar haƙuri, kuma bashi ne a kanmu.

Takardun Kombi ba su kammala ba, na asalin sun ɓace tun mai ita na da rai. Ana kan nema ta hanyar da doka ta tanada. Kafin lamba da inshora su fito, kuma kafin a gama sake bututan birki, ba wanda zai hau da ita kwalta, ko waye shi. A kan tirela muka kai ta baje koli, a kan tirela muka dawo da ita.

Samari huɗu ne ke zuwa koyo duk Asabar. Biyu daga cikinsu yanzu suna iya saita bawul da kwantak ba tare da an tsaya a kansu ba. Muna roƙon tsofaffin direbobi da makanikai da ke cikinmu su riƙa leƙowa ko da awa ɗaya ne, su zauna su yi ta ba da labari muna ɗauka a waya. Na Baba kaɗan muka ɗauka, muna cewa sai an sami lokaci.

Taron shekara na nan Asabar ta farko a wata mai kamawa, bayan azahar, a gareji. Za a yi wa Baba addu'a, a saurari Ma'aji, sannan a yanke hukunci kan asusun gaggawa. Mai tsohon hoton tasha, ko lasisin da, ko littafin mota, ya zo da shi a ɗauki hotonsa a mayar masa. Wanda kuma soket mai lamba 36 ke hannunsa, don Allah ya taho da shi, na cikin akwatin Baba ne, kuma da shi ake ɗaure filawil ɗin injin Kombi.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.