Matar da ta haifi ɗa ba rai tana da haƙƙin ta'aziyya da tallafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani rashi da yake aukuwa kullum a gidajenmu amma ba kasafai muke ɗaukarsa rashi ba, wato halin da mace take shiga idan ta yi goyon ciki har ya tsufa, ta sha wahalar naƙuda, sannan abin da ta haifa bai zo da rai ba.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ciki har da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya, suka fitar a 2020 ya nuna cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa ba rai a kowace shekara, kuma wannan lissafi ya tsaya ne a kan cikin da ya kai mako 28 zuwa sama, ban da ɓarin da ake yi kafin nan. Nijeriya tana cikin ƙasashe uku da abin ya fi yawa, tare da Indiya da Pakistan, inda a 2019 kaɗai aka ƙiyasta mana sama da jarirai 170,000. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗannan jarirai suna da rai lokacin da naƙuda ta fara, a hanyar fitowa suka rasu.

Duk da wannan yawa, idan abin ya faru sai a yi wa uwar barka da arziki, a ce Allah ya kawo rayayye, a tashi. Wasu har su ƙara mata da cewa ta gode wa Allah tunda ba ta saba da shi ba, alhali wata tara tana ɗauke da shi, watanni tana jin motsinsa. Na ga wannan a kan ƙanwata. An kwantar da ita a ɗakin masu jego na wani asibiti, gadon dama da na hagu duk jarirai suna kuka ana ba su mama, ita kuwa ta juya fuska bango. Mijinta da yayyensa biyu suka naɗe yaron a farin ƙyalle suka tafi maƙabarta tun ba ta farfaɗo daga tiyata ba, ba ta ga fuskarsa ba, kuma kafin a sallamo ta an kwashe kayan jariran da ta tara an kai gidan maƙwabta, da nufin a rage mata zafi. A kwana na uku ruwan nono ya zo, ƙirjinta ya kumbura har da zazzaɓi, babu wanda ya gaya mata tun farko cewa hakan zai faru ko abin da za ta yi. Duk wanda ya kewaye ta yana ƙaunarta, amma babu wanda ya zauna ya ce mata: ki yi kuka, ɗa kika rasa.

Ina ganin wani ɓangare na wannan shiru ya samo asali ne daga rashin fahimtar hukuncin fiƙihu. A Risala an ce jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa ba a yi masa sallar jana'iza, kuma a kan haka muke a mazhabar Malikiyya, sai jama'a suka ɗauka cewa wanda ba a sallata ba ba a yi masa baƙin ciki. Hukuncin salla dabam, ciwon zuciyar uwa dabam. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ibn Majah kuma ya ruwaito cewa ɗan da aka yi ɓarinsa zai ja mahaifiyarsa da igiyar cibiyarsa zuwa Aljanna idan ta nemi lada da haƙurinta. Ɗan da aka yi wa irin wannan bushara ya cancanci a je wa uwarsa ta'aziyya, a ce mata Allah ya sa mai ceto ne, kamar yadda ake faɗa wa kowace uwa.

Sai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin dalilin wannan wasiƙa. Mai jegon da ɗanta ya rayu tana samun kauri da kunun kanwa da turamen zane da gudummawar ranar suna. Wadda nata bai zo da rai ba ita ma jinin biƙi take yi, jikinta yana buƙatar duk abin da na waccan yake buƙata, amma ba mai kawo mata komai, ga bashin tiyata da na jini da na magani, sau da yawa ragon sunan ake sayarwa a biya. Mafi yawan matan da suka kamu da yoyon fitsari sanadin doguwar naƙuda, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, a wannan haihuwar suka rasa ɗan, wasunsu kuma suka rasa auren.

Saboda babu kuɗi, ba a komawa asibiti a binciko dalili, alhali hawan jini da jijjiga da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da tunjere duk ana iya gano su a kuma magance su wajen awon ciki. Akwai matan da rukunin jininsu ya saɓa da na jaririn, waɗanda ake so a yi musu allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa domin kare cikin da zai biyo baya, allurar kuwa tana da tsada. Idan aka rasa ta, abin ya maimaita kansa, sai a ce matar wabi take yi, a shiga zargin iska ko kishiya.

A Ingila iyayen da suka yi irin wannan rashi ne suka kafa ƙungiyar Sands a 1978, kuma har yau mutane suna shiga gudun fanfalaki domin tara mata kuɗi, ana kuma keɓe 9 zuwa 15 ga Oktoba domin tunawa da jariran da aka rasa. Ba na kira a kwaikwayi duk al'adunsu, domin wasu ba su dace da mu ba. Abin ɗauka shi ne iyayen sun mayar da baƙin cikinsu hidima ga waɗanda za su shiga halin bayansu. Mu kuwa muna da adashi, muna da makarantun Islamiyya na matan aure a kusan kowace unguwa, muna da FOMWAN, wato tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, tun 1985, muna da hukumomin zakka da waƙafi a Kano da Sakkwato da Zamfara.

Saboda haka ina roƙon kowane masallacin Juma'a da kowace Islamiyya su buɗe ƙaramin asusu domin waɗannan iyalai, a sa nas ko ungozoma a cikin kwamitin, a riƙa biyan kuɗin kai tsaye ga asibiti, a kuma karanta wa jama'a lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Kada a ɗauki hoton mace a gadon asibiti a baza a Facebook da sunan neman taimako, domin tona asirin da ke cikin haka ya fi taimakon yawa. A nemi matan da suka taɓa shiga wannan hali su riƙa ziyartar sabbin shiga, a tuna da uban ma, wanda shi ya ɗauki gawar da hannunsa. Ina kuma roƙon shugabannin asibitoci su keɓe ko da gado biyu ne nesa da kukan jarirai, kuma a tambayi uwa ko tana son ganin ɗanta kafin a tafi da shi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Wata malamar Islamiyya, daga Katsina