Bargon saƙa da ya zama kuɗin makaranta a tsaunukan Amurka

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili. Kullum in ana maganar koyar da sana'a a makaranta sai in tuna da mutanen tsaunukan Afalashiya a Amurka, talakawa ne na ƙin ƙari, ba hanyar mota ba kasuwa, amma tsofaffin matansu sun iya saƙa bargon shimfiɗa gado, zaren tsaye na auduga na kwance kuma ulun tumaki da aka rina da baba ko ɓawon itace. Masaƙar ba ta da faɗi, shi ya sa ɓari biyu ake saƙawa a ɗinke su a tsakiya, kuma a wurin ɗinkin nan ake gane gwana, in zanen bai haɗu ba to hannunta ya yi rawa. Shi kansa zanen a 'yar siririyar takarda suke rubuta shi, a naɗe a adana, uwa ta bar wa 'ya.

Sai kayan masana'anta masu araha suka shigo, aka jingine masaƙa. A nan makarantu suka shigo ciki. Shugaban kwalejin Berea a jihar Kentaki, William Frost, ya yarda ɗalibi ya kawo bargon da uwarsa ta saƙa a madadin kuɗin makaranta, kwalejin kuma ta sayar wa masu kuɗi na birane. A 1902 Katherine Pettit da May Stone suka buɗe makarantar Hindman, a 1913 Pettit ɗin dai ta sake buɗe ta Pine Mountain ita da Ethel de Long. Ita kuwa Lucy Morgan a 1923 ta fara farfaɗo da saƙa a Penland, jihar Karolina ta Arewa, har gida ake kai wa mata masaƙa da zare.

Abin da na fi so a lura da shi, makarantun nan fa ba su suka ƙirƙiro saƙar ba, wajen tsofaffin ƙauye aka je aka koyo, har da yadda ake haɗa tukunyar rini. Nasu aikin shi ne nemo mai saye da tsayawa kan inganci, a 1930 ma sai da suka haɗu suka kafa ƙungiya guda don tallar kayan.

Amma fa kar a yi ta yabo kawai. Matan da suka zo daga birni suna tafiyar da makarantun su ke zaɓar launi, su ke yanka farashi, kuma da aka ga bargo yana da tsada ga cin lokaci sai aka karkatar da masaƙan zuwa ƙananan abubuwa irin su tawul da ƙyallen tebur don 'yan yawon buɗe ido, ladan ma a kan kowane guda ake biya, ba yawa. Wannan ɓangaren ya kan ɗan sosa mini rai gaskiya.

Hindman da Penland dai suna nan har yau, kuma a Penland ana koyar da saƙa har yanzu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu a kullum