Ba duk tabar Kyuba ce naɗin hannu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na ga an rubuta a jaridarku cewa duk tabar ganye ta Kyuba da hannu ake naɗa ta. Ina neman izinin gyara, domin shaidar tana ajiye cikin akwatin marigayi yayana, nan gidanmu a unguwar Asawase da ke Kumasi.

Yaya yana cikin yaran da gwamnatin Rawlings ta ƙasar Gana ta fara turawa karatu Tsibirin Matasa na Kyuba a 1983. Da ya dawo, cikin tsarabarsa akwai wata taba ta kamfanin Partagás, wanda aka kafa a Habana, babban birnin Kyuba, tun 1845. Sunanta Culebras, wato macizai da Sifaniyanci. Inji ne ya naɗa ta, cikinta guntattakin ganye ne, shi ya sa kuɗinta bai fi ƙarfin ɗan makaranta ba.

Siffarta ce ta sa har yau ban yar da ita ba. Kara uku ne sirara, kowanne ya kusa santimita 15, aka tufke su wuri guda tun ganyen yana da laima, kamar tufkar igiyar rama, sannan aka ɗaure kai da gindi da zare. In ka kwance zaren, ba wanda zai miƙe. Kowanne karkatacce yake fitowa, ya riƙe lanƙwasar 'yan'uwansa. Ranar da Inna ta fara ganinta sai ta ce, "Wannan ai kitson jela ne!" Yaya ya ce mata ba a kunna ta a haɗe, rabawa ake yi, mutum uku kowa ya ɗauki ɗaya. Ni ban taɓa shan taba ba, shi ma ya bari tun kafin ya yi aure, amma wannan bai yarda an kwance ta ba.

A 2005 aka daina yin ta injin. Bayan shekara biyu sunan ya dawo, amma naɗin hannu, mai tsada, a shagunan La Casa del Habano masu sayar da tabar Kyuba. Waccan ta masu ƙaramin ƙarfi ta tafi ke nan, kuma abin yana yi mini ciwo idan aka ba da labarin kamar ba a taɓa yin ta ba. Tamu ta bushe, fatarta ta fara tsagewa, amma zaren yana nan yadda Yaya ya bar shi.

Naku,
Mai karatu daga Asawase, Kumasi