Wasiƙar Makaranta: Darasin Haɗin Kai na 'Yan SS2

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara, da fatan kowa na lafiya.

Wasunku sun tare mu a bakin get suna tambaya wai me ya kai 'yan SS2 ƙasar Poland a darasin Gwamnati, har yaro ya dawo gida yana ta maganar yajin aiki. To ga yadda abin yake. Wannan zangon muna duba haɗin kai ne a siyasa, wato me zai sa mutum ya tsaya wa wanda ba danginsa ba kuma ba abin da zai samu a kai.

A watan Agusta 1980 aka kori wata mata, Anna Walentynowicz, daga masana'antar ƙera jiragen ruwa ta birnin Gdansk a Poland, saura 'yan watanni kaɗan ta yi ritaya. Ranar 14 ga wata ma'aikata suka tsunduma yajin aiki, wani ma'aikacin lantarki mai suna Lech Walesa ya ja gaba. Kwana biyu kacal hukuma ta sauko, aka yarda za a maida ta a kuma ƙara albashi, har an sanar an janye yajin mutane sun fara tafiya gida, sai wasu mata ciki har da ita Annar da wata nas Alina Pienkowska suka je suka tsaya a ƙofa suna roƙon a dawo, don ƙananan kamfanonin da suka shiga yajin saboda su ba su samu komai ba tukuna, kuma in aka watse su za a murƙushe. Wallahi nan ne muka fi so yaran su tsaya su yi tunani, mutanen nan tasu buƙata ta riga ta biya amma suka zauna. Daga nan aka fito da buƙatu 21, gwamnati ta sa hannu ranar 31 ga Agusta, ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc (wato haɗin kai) da aka kafa bayan yajin ta kai mambobi kusan miliyan 10.

Mun kuma kawo musu asabiyya, wato haɗin kan jama'a yadda malamin tarihi Ibn Khaldun ya bayyana shi, su gwada da wannan, don ita daga jini take farawa, su kuwa na Gdansk wahala ɗaya ce ta haɗa su.

Asabar mai zuwa ƙarfe 10 na safe za su yi muhawara a ɗakin taro. Don Allah a daure a zo, kuma kafin nan a zauna da su a ba su labarin aikin gayya yadda kuka san shi, za su buƙace shi a hujjojinsu.

Mun gode, Allah ya saka da alheri.
Hukumar makaranta