Festac ɗin da na sani

Malam Edita,

Jikana ya dawo daga cirani a Legas, ya ce unguwar Festac ta tsufa, magudanai sun toshe, shaguna sun cinye bakin titi. Abin ya taɓa ni.

Gwamnatin soja ce ta gina unguwar a Amuwo-Odofin don saukar baƙin bikin al'adun baƙar fata na 1977, daga baya aka raba gidajen ta hanyar ƙuri'a. Na yi gadi can shekara shida. Titunan lamba gare su. Ni da na saba da kwatancen "gindin tsamiya" da "bayan rijiya", sau uku ina ɓata a makon farko. Da almuru kuwa, mu 'yan Arewa tabarma muke shimfiɗawa a bakin ƙofa, rediyo a tsakiya.

Naka,
Wani tsohon maigadi,
daga wani ƙauye kusa da Ringim, Jigawa