Ɗana, kafin a ƙara maka allurar nan a kafaɗa

Assalamu alaikum. Ya jikin naka? Allah ya ƙara sauƙi.

Mahaifiyarka ta ce kana shirin komawa a sake yi maka allurar kotizon, ta uku ke nan bana. Don Allah ka dakata tukuna.

Allurar tana da amfaninta. Tun 1948 likitoci ke aiki da kotizon, kuma yana kwantar da kumburi har wanda ya kasa kwanciya a kan kafaɗarsa ya samu barci. Sai dai sauƙin na 'yan makonni ne, yawanci 6 zuwa 8. Zafin ne ke lafawa, jijiyar tana nan yadda take.

Jijiyoyi 4 ne ke ɗaure tsokar kafaɗa da kan ƙashin dantse. Ta saman ita ta fi wahala, domin a matse take ƙarƙashin ƙashi, jini kuma bai cika isarta sosai ba, shi ya sa take jinkirin warkewa. Kotizon yana rage aikin ƙwayoyin da ke saƙa kolajin, sinadarin da ke ba jijiya ƙwari. Idan aka yi ta maimaitawa a wuri ɗaya, sai ta zama kamar tsohuwar igiya, zare na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba za ka ji ba. Na ga yadda kake cije leɓe wajen sa riga, sai ga shi bayan allurar kana ɗaga kaya sama da kai. A irin lokacin nan jijiya ke yagewa.

Saboda haka likitoci ba sa son wuce 3 a shekara, kuma sukan bar tazara mai tsawo tsakani. Ka nemi a yi maka hoton kafaɗar tukuna. In akwai yagewa har ana maganar tiyata, ka faɗi ranar allurarka ta ƙarshe, domin wadda aka yi dab da aiki tana iya hana ɗinkin kamawa. Ka kuma tuna tana ɗaga suga na 'yan kwanaki, ga shi kana fama da naka.

In likita ya ce a yi, to a yi. Amma ka raba hannun da kaya masu nauyi na mako 2, sannan ka riƙe motsa jikin da likitan gashin ƙashi ya koya maka, ko da ya gundure ka, don shi ne ke ƙarfafa kafaɗar.

Ka kira ni bayan hoton. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka